Hoton Ƙashi Bai Nuna Komai Ba, Amma Wuyana Ya Ƙi Juyawa

Assalamu alaikum Anti. Ni tela ce a Kano, shekarata 34, 'ya'yana huɗu, ƙaramar tana goye. Makonni uku da suka wuce na hau adaidaita sahu za ni Kantin Kwari sayen yadi. Muna tsaye a danja sai wata mota ta dake mu ta baya. Ban faɗi ba, ko ƙwarzane ban yi ba, har kasuwar na ƙarasa na yi sayayyata na dawo gida. Da asuba kuwa na kasa ɗaga kaina daga filo. An kai ni asibiti an yi hoton ƙashi, aka ce babu karaya, aka rubuta mini magani. Na sayi kwalar wuya a kemis, dare da rana tana wuyana. Har yau ba na iya waiwaye sai na juya jikina gaba ɗaya. Kaina na ciwo tun daga ƙeya, wani lokaci ina jin jiri, in na ɗan daɗe a kan keken ɗinki kuma sai yatsu biyu na hannun dama su riƙa yi mini yam-yam. Maigidana ya fara cewa raki ne, tunda likita ya ce ba komai. Surukata ta ce a kai ni wurin mai ɗori ya ja wuyan ya koma mazauninsa, wata maƙwabciya kuma ta ce iska na gamu da ita a hanya. Ɗinkin mutane ya taru, ga shi yanzu in na ji ƙarar birki gabana faɗuwa yake yi. Anti, ina tsoron kar na nakasa. Me zan yi?

'Yar'uwarki daga Kano

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Sannu 'yar'uwa, sannu da jiki, Allah ya kiyaye gaba.

Kafin mu zo kan wuyan, bari in cire miki abin da na ga ya fi ci miki rai: ba raki kike yi ba. Ciwon nan sananne ne. Duk inda ake duba waɗanda aka daki abin hawansu ta baya ana ganin irinsa, kuma yadda kika ba da labarin haka ya saba zuwa. Mutum ya sauka garau a wurin hatsari, har ya yi wa direba sannu, ya kwana, ya wayi gari wuya ya sandare.

Ga abin da ya faru da ke a danjar nan. Kina zaune, jiki a sake, wataƙila kina lissafin yadin da za ki saya. Da motar ta daki bayan adaidaitar, kujerar ta ingiza bayanki da kafaɗunki gaba da ƙarfi. Kanki kuwa babu abin da ya tura shi, sai aka bar shi a baya, wuya ya lanƙwashe ya bi shi. Nan take kuma kan ya fizgo ya yi gaba, haɓa ta nufi ƙirji. Duk wannan bai kai rabin daƙiƙa ba, kafin ma tsokokin wuya su farga su ƙanƙame. Kan babban mutum ya kai kilo 4 zuwa 5, abin da ke riƙe da shi kuma ƙananan ƙasusuwa ne guda 7 da aka jera ɗaya kan ɗaya, da faifan guringuntsi a tsakaninsu, da tsokoki da jijiyoyin da suka ɗaure su. Fizgar nan ita ke jan tsokoki da jijiyoyin fiye da yadda suka saba, ta kuma murɗa 'yan ƙananan gaɓoɓin da ke haɗa ƙasusuwan ta baya. Targaɗe ne, a wuya. A mota akwai matashin kai a saman kujera da ke tare kan kada ya yi baya sosai. A bayan adaidaita sahu babu shi. Ba sai motar tana tsananin gudu ba kafin haka ta faru, kuma an lura mata sun fi maza saurin samun wannan rauni.

Abin da ya sa kika iya ƙarasawa kasuwa shi ne firgici. A lokacin tashin hankali jiki kan saki sinadaran da ke danne zafi. Kumburin cikin nama kuma a hankali yake taruwa, cikin sa'o'i, wani sai bayan kwana ɗaya ko biyu. Da kika kwanta jiki ya huce, tsokoki suka ɗaure don su kare wurin da ya ji ciwo, shi ne kika farka a haka. Ciwon kan da ke tasowa daga ƙeya ya hauro gaba, daga saman wuyan yake fitowa, domin jijiyoyin wurin su ne ke kai ji zuwa bayan kai. Jiri, gajiya, ƙarar kunne, barci rabi da rabi, saurin fushi, mantuwa, duk suna iya biyo wannan rauni. Mai shi sai ya ga kamar cututtuka goma ne suka taru masa, alhali tushensu ɗaya.

Sai maganar hoto, wadda ita ce ta jawo miki matsala a gida. Hoton ƙashi ƙashi yake nunawa. Tsoka, jijiya da guringuntsi ba sa fitowa a cikinsa yadda za a ga rauninsu. Da likita ya ce "ba komai", nufinsa babu karaya, babu gocewa, kuma wallahi wannan abin godiya ne ga Allah, don shi ne abin da ake tsoro a hatsari. Amma bai ce ba ki ji ciwo ba. A 1995 wani kwamitin masana a lardin Kwibek na ƙasar Kanada ya kasa wannan rauni hawa-hawa, kuma har yau da rabon nasu ake aiki a ƙasashe da yawa. Akwai wanda ke jin ciwo da sandarewa kawai. Akwai wanda in an duba shi za a tarar wuyan ba ya juyawa yadda ya kamata, akwai kuma wuraren da in an danna sai ya zabura. Sama da shi akwai wanda abin ya taɓa jijiyar da ke sauka hannu. Hawa na ƙarshe ne kaɗai ke da karaya ko gocewar ƙashi. Ki duba ki gani: duk hawan da ke ƙasa da na ƙarshen, hoton ƙashinsu zai iya fitowa tas, kuma dukansu marasa lafiya ne.

Abu ɗaya a wasiƙarki ya sa nake so ki koma asibiti a makon nan, kada ki bari ya wuce: yam-yam ɗin yatsun nan. Jijiyoyin da ke kai ji da ƙarfi zuwa hannu daga wuya suke fitowa, ta wasu 'yan kafofi tsakanin ƙasusuwan. In wurin ya kumbura ko faifan guringuntsi ya ɗan turo, sai ya matse jijiyar, a ji abin can a yatsu. Sau da yawa yakan lafa da kansa in kumburin ya sauka. Zai kuma iya yiwuwa daga wuyan hannu ko gwiwar hannu ne, tunda sana'arki ta riƙe almakashi ce da tura yadi. Daga nan inda nake ba zan iya rarrabewa ba, sai wanda ya taɓa hannun. Kafin ki tafi ki lura da kyau waɗanne yatsu ne. Babban yatsa da manuni jijiyarsu daban, na tsakiya daban, ƙaramin yatsa da na kusa da shi daban, kuma wannan bayani kaɗai yana nuna wa likita inda zai duba. Zai sa ki damƙe yatsunsa ya ji ƙarfin hannu biyun, ya ƙwanƙwasa gwiwar hannu da ɗan gudumar roba, ya shafa fata ya tambaye ki ko jin ɗaya ne dama da hagu. In ya ga da buƙata zai tura ki hoton MRI, wanda shi ke nuna jijiya da guringuntsi. Ba kowa ke buƙatarsa ba, kuma yana da tsada, don haka kada ki je ki yi shi da kanki ba a ce ki yi ba. Ki gaya masa maganar jirin ma, da ko kanki ya bugu da ƙarfen adaidaitar a ranar hatsarin. Ki roƙe shi ya tura ki sashen gashin ƙashi. Akwai shi a Asibitin Ƙashi na Dala, akwai a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano.

Akwai kuma alamomin da ba a jira wa wayewar gari. In hannu ko ƙafa ya yi sanyi ya rasa ƙarfi, kofi na suɓuce miki ko kin kasa saka maɓalli. In tafiyarki ta canza kina tangaɗi. In fitsari ko bayan gida ya kufce miki ko ya ƙi fita. In kika ji kamar lantarki ya ratsa bayanki da kin sunkuyar da kai. In ciwon kai ya zo da tsananin da ba ki taɓa ji ba, da amai, ko gani bibbiyu, ko harshe ya karye, ko baki ya karkace, to ko ƙarfe biyun dare ne a ɗauke ki zuwa sashen gaggawa. Ban ga ko ɗaya daga cikinsu a wasiƙarki ba, na faɗa ne don ke da maigidan ku san su.

Yanzu kwalar nan. Na san ita ce ke ba ki kwanciyar hankali, kina jin kamar in kin cire ta kan zai faɗi. A da haka ake yi wa kowa, a sa masa kwala a ce ya kwanta. Da aka yi ta kwatanta waɗanda aka sa wa kwala da waɗanda aka ce su ci gaba da motsa wuyan a hankali, sai aka ga masu motsawar sun fi samun sauƙi, shi ya sa aka dawo daga rakiyar waccan hanya. Dalilin a fili yake. Tsokar da aka ɗauke wa aiki rauni take yi, gaɓar da ba ta motsi ƙara sandarewa take yi. Bayan mako uku a cikin kwala, wani kaso na rashin waiwayen da kike fama da shi na kwalar ne. Tunda ke kika saya wa kanki, ba likita ne ya ce ki sa don karaya ba, lokacin rabuwa da ita ya yi. Kada ki fizge ta rana ɗaya. Ki fara cire ta da safe na awa ɗaya ko biyu kina zaune a gida, washegari ki ƙara, ki daina kwana da ita, cikin 'yan kwanaki ki ajiye ta. A ranakun farko wuyan zai gaji, kan zai yi miki nauyi. Wannan gajiyar tsokar da ta koma bakin aiki ce, kada ta tsorata ki.

Motsin da nake nufi ba wani abu ne mai wuya ba. Ki samu kujera mai jingina, tafin ƙafa biyu a ƙasa, ki sauke kafaɗu, don na tabbata yanzu a ɗage suke kusa da kunne ba ki sani ba. Ki juya fuska dama a hankali kamar mai sallame sallah, har inda kika ji ya fara ja, ki tsaya nan ki yi numfashi biyu, ki dawo tsakiya, ki yi hagu. Sannan ki karkatar da kunne wajen kafaɗa, dama da hagu, ba tare da kafaɗar ta taso ta tarye shi ba. Sannan haɓa ƙasa, sannan ki ɗan ɗaga kai sama. Na gaba shi ne wanda aka fi yin kuskurensa, kuma ya fi amfani: kina kallon gaba, ki ɗora yatsa a haɓa, ki ja haɓar baya ta rabu da yatsan, ba sama ba ba ƙasa ba, har ki ji bayan wuya ya miƙe, ki riƙe daƙiƙa biyar ki saki. Daga ƙarshe ki matse allunan kafaɗa biyu wajen juna ki saki. Kowanne sau biyar zuwa goma. In kin haɗa shi da lokutan sallah ba za ki manta ba, kuma kaɗan-kaɗan sau da yawa a yini ya fi ki tara shi lokaci ɗaya ki galabaita.

Yaya za ki san kin wuce gona da iri? Ɗan ja da ɗan zafi da ke lafawa bayan kin gama, babu laifi, ba ɓarna kike yi ba. Zafi mai suka, ko wanda ya harba zuwa hannu, ko ya ƙara yam-yam ɗin yatsu, ko ya tayar da jiri, wannan ki tsaya, ki rage nisan juyawar, ki gaya wa likitan gashi. Jiki magayi ne, sai dai a irin wannan ciwo yakan yi ƙara fiye da girman raunin, don wurin ya riga ya tsorata.

Maganar mai ɗori kuwa, a nan ba zan yi kwana-kwana ba: kada ki bari kowa ya ja wuyanki ko ya murɗa shi ya yi ƙara. Ina girmama Hajiya surukarki, na san ƙauna ce ta sa ta faɗa, ta ga mutanen da aka ɗora wa hannu ko ƙafa suka warke. Amma wuya daban yake. Ta cikin ƙasusuwan nan guda 7 laka ta ratsa, wadda ita ke haɗa ƙwaƙwalwa da sauran jiki. Ta gefensu kuma akwai jijiyoyin jini biyu da ke hawa su kai jini bayan ƙwaƙwalwa. Murɗa mai ƙarfi na iya yaga bangon ɗaya daga cikinsu, abin ya kai ga shanyewar ɓarin jiki. Ba kullum yake faruwa ba, amma yana faruwa, kuma ke da ake zargin akwai jijiyar da ta matsu, ja da ƙarfi zai iya mayar da yam-yam ya zama mutuwar hannu. Bayan haka, me za a mayar mazauninsa? Hoto ya riga ya nuna babu abin da ya goce. Ƙaho da tsaga ma ba sa ɗinke naman da ya ji rauni a ciki, ga haɗarin askar da aka yi wa wani aiki da ita, wadda ke iya ɗauko ciwon hanta ko ƙanjamau.

Abin da za ki iya karɓa daga hannun Hajiya da farin ciki shi ne gashi. Tawul a ruwan ɗumi, a matse, a ɗora a wuya da kafaɗa minti 15 zuwa 20, musamman kafin ki yi motsin nan. Ruwan ya zama wanda hannu ke iya jurewa. A kwana biyu ko ukun farko ƙanƙara a naɗe cikin tsumma ta fi dacewa, amma ke kin wuce nan. Shafa man zafi da tausa mai laushi a kafaɗa babu laifi. Ki ce mata, "Hajiya, likita ya hana a ja, amma ya ce a riƙa gasawa, ko za ki taimaka mini?" Kin ba ta abin yi, kin kuma tsare wuyanki, ba tare da kin ce mata ba ta san abin da take faɗa ba. Ita kuma maƙwabciya, ki gode mata. Addu'a da azkar ki riƙe su, babu mai raba ki da su, amma ciwon da ya fara washegarin ranar da mota ta dake ki ba ya buƙatar a nemo masa wani dalili.

Game da magani, farasitamol ƙwaya biyu masu 500, ba fiye da sau huɗu a awa 24 ba, da tazarar aƙalla awa huɗu. Ki duba maganin mura in kina sha, da yawansu akwai farasitamol a ciki, kada ya ninku. Ibuprofen na taimakawa, a sha shi bayan an ci abinci, kuma mai shayarwa na iya shan sa. Amma in kina da olsa, ciwon ƙoda, asma, hawan jini, ko kina zaton akwai ciki, sai kin tambayi likita. Kada ki haɗa shi da diclofenac ko makamantansu, dangi ɗaya ne, haɗuwarsu cin ciki take yi. Haɗin nan da ake ƙullawa a leda a kemis ba tare da kin san sunan ko ƙwaya ɗaya ba, ki guje shi. Tramadol da kodin kuwa, don Allah ko an ce miki su ne masu kashe ciwo nan take, ki ce a'a. Mutane da yawa daga ciwon jiki na gaskiya suka fara, suka wayi gari ba sa iya rabuwa da su. Amfanin maganin a nan shi ne ya rage zafin har ki iya motsi da barci.

Ɗinki ba sai kin daina ba, amma yadda kike zama a kan keken sai ya canza. Tela takan tura kai gaba, ta sunkuya tana bin allura da ido, awa biyu ba ta ɗago ba, kuma duk yadda kai ya yi gaba haka nauyinsa ke ƙaruwa a kan tsokokin bayan wuya. Ki matso da kujera kusa da keken, ki sa ɗan filo a ƙugu, ki kawo fitila kusa da allura don kada ki riƙa leƙe. Kowane minti 20 ki tashi ki ɗan zaga tsakar gida ki juya kafaɗu. Yanka a kan tebur kina tsaye ya fi ki shimfiɗa yadi a ƙasa ki duƙa. Ki fara da ƙananan ayyuka, masu manyan ɗinki ki kira su ki gaya musu gaskiya, wanda zai jira ya jira, wanda ke sauri ki ba wata abokiyar sana'a. Kunyar kwana ɗaya ta fi ki karɓi aikin da zai mayar da ke baya wata guda.

Ɗaukar kaya a ka, ko bokitin ruwa ne, ki ajiye shi tukuna. Daka da wanki a duƙe a raba wa yara ko a samo mai taimako na ɗan lokaci. Goyo in ya zama dole, a ɗora miki ita kina zaune maimakon ki wurga ta baya da hannu ɗaya, kuma kada ya daɗe. Wajen shayarwa ki sa filo a cinya ki ɗago ta zuwa gare ki. Waya ki ɗaga ta daidai fuska. Ga wani abu da ba a cika tunawa da shi ba: kitso. Zaman awa biyu kai a sunkuye a cinyar makitsiya, tana juya shi dama da hagu tana ja, zai iya rushe miki sauƙin mako guda. Ki yi kalaba manya guda huɗu ko shida a gida har wuyan ya saki. Wajen kwanciya, filo ɗaya wanda zai cike tsakanin kunne da kafaɗa in kin kwanta ta gefe, ko ki naɗe ƙaramin tawul ki sa a lanƙwasar wuya in kin yi rigingine. Rub da ciki ki bar shi, yana tilasta wa wuya kwana a murɗe. Sallah kuma addini ya yi sauƙi: in ruku'u da sujada na tayar da ciwon ko jiri, ki yi a zaune gwargwadon iko, ki koma tsayuwa da kin ji dama.

Kin tambaya ko za ki nakasa. Wanda ba shi da karaya kuma lakarsa lafiya, wannan rauni ba ya kai shi ga shanyewa. Yawancin mutane suna samun sauƙi sosai cikin wata biyu zuwa uku, kuma a watanni ukun farkon nan ne ake samun mafi yawan warakar, shi ya sa nake matsa miki ki fara motsi yanzu. Ba zan ɓoye miki ba, akwai waɗanda ɗan ciwon ke bin su fiye da haka, har shekara, yana tafiya yana dawowa. An fi ganin haka ga wanda ciwonsa ya yi tsanani tun farko, da wanda firgicin hatsarin bai sake shi ba. Sauƙin ma ba a miƙe yake zuwa ba. Za ki yi kwana uku kina murna, rana ta huɗu ki tashi kamar an koma farko, don kawai kin kwanta ba daidai ba ko kin yi aiki da yawa jiya. Kada ki auna kanki da jiya, ki auna da makon da ya wuce: yau ina iya ganin kafaɗata in na waiwaya? Na yi minti nawa a keke kafin ya fara?

Faɗuwar gaban da kike yi in kin ji birki, ita ma ciwo ce daga cikin ciwon, kuma tana da hannu a wuyan kai tsaye, don mai tsoro kafaɗunsa a ƙanƙame suke yini. Kada ki ƙaurace wa abin hawa gaba ɗaya, tsoron ƙaruwa zai yi. Ki fara da tafiya gajera, da rana, tare da wadda kika yarda da ita. In kin samu mota, ki gyara matashin kan kujera samansa ya yi daidai da saman kanki, ya matso kusa da ƙeya, ki ɗaura bel. In aka wuce wata guda kina mafarkin hatsarin, ko abin na dawo miki a ido kina zaune, ko kin kasa fita, ki faɗa wa likita da bakinki. Akwai masu taimakawa a kan wannan, kuma ba hauka ba ne.

Saura maigida. Na ji zafin kalmar nan da ya faɗa, don ciwo biyu ne a haɗa wa mutum jinya da rashin yarda. Amma ina kyautata masa zato. Ya ji likita ya ce ba komai, ba ya ganin jini, ba ya ganin kumburi, ga kuɗin magani, ga aikin gida ya tsaya, wataƙila shi ma tsoro ne ya fito masa ta wannan hanya. Gardama a kan ko kina jin ciwo ko ba kya ji ba za ta kai ku ko'ina ba. Ki nemi lokacin da hankalinsa ke kwance, ki roƙe shi abu ɗaya: ya raka ki asibiti a wannan zuwan, ya shiga ɗakin likita tare da ke. A gabansa ki tambayi likitan, "Hoton da aka yi mini yana nuna tsoka da jijiya?" Ki bar likitan ya amsa. Sannan ki faɗa masa a fili abin da kike buƙata da kuma na tsawon wane lokaci: wanda zai ɗebo ruwa, wanda zai riƙe yarinya in kina gashi, na 'yan makonni. Maza da yawa sun fi gane buƙatar da aka ambata da sunanta fiye da "ba ni da lafiya" kawai. In yana karatu, ki miƙa masa wannan amsa ya karanta da kansa. Malam, in kai ne ke karantawa, iyalinka na jin ciwo da gaske, kuma taimakonka a watan nan na daga abin da zai sa ta warke da wuri.

In kin je asibitin ki tafi da hoton farko da duk magungunan da kike sha a cikin ledarsu, har da na kemis. Bayan mako shida da hatsarin, in kina motsin nan kullum amma ba ki ga wani ci gaba ba, ki koma a sake duba ki, kada ki zauna kina jira. Ki rubuto mini abin da likita ya ce game da yatsun. Allah ya ba ki lafiya mai ɗorewa, ya sa kaffara ne.